Fumfuna, Naman Kaza da Waken da ke Ɓata Gari

Marka ta kankama a Kano, kuma duk shekara in ta zo, tambayoyin da ke iso mini sukan zo da warin danshi. Na wannan makon uku ne, kuma da na jera su sai na ga ashe duk 'yan gida ɗaya ne.

Ta farko daga wata Hajiya ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Gwale. Ta ce: "Malam, ni fumfuna nake cewa, abokiyar zamana 'yar Sakkwato hunhuna take cewa, jikata kuma ta rubuta funfuna a littafinta na makaranta. Wa ya yi daidai? Kuma wai da gaske ne abu ne mai rai?"

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya yi kuskure a gidan nan. Inda Bakano ya ce "fu", Basakkwace kan ce "hu": fura da hura, fuska da huska, furfura da hurhura. Fumfuna da hunhuna a wannan layin suke. Jikarki kuwa ginin kalmar ta bi, domin gaɓar farko maimaici ce, fun-funa, kamar yadda furfura take fur-fura. Sai dai leɓe ba ya son wahala. Idan "n" ta zo gaban "f" ko "b" a cikin kalma, baki kan mai da ita "m", shi ya sa muke rubuta amfani, rumfa, kumfa da tambaya. Ni fumfuna nake rubutawa, amma ba zan ja wa yarinya jan biro a kan funfuna ba.

Rabin tambayar na biyu ya fi nauyi. Ki lura da yadda muke amfani da kalmar. Mukan ce tuwo ya yi fumfuna, goro ya yi fumfuna, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, daidai da yadda muke cewa nono ya yi tsami ko wuƙa ta yi tsatsa. Wato a bakin Bahaushe fumfuna hali ne da abu ke shiga in ya kwana cikin laima. Harshen bai ɗauke ta baƙon da ya zo daga wani wuri ya sauka ba. To, baƙo ne, kuma mai rai. Abin da kike gani kamar auduga a kan tuwon da ya kwana uku, zare-zare ne siraran gaske da suka ratsa cikin tuwon suna tsotsa, launin kore ko baƙi da ke sama kuwa ƙurar iri ce, wadda iska ke ɗauka ta kai wani wuri. Ina tuna kakata ta wajen uwa a cikin birni, ta ɗauki malmala ta kankare saman da bayan wuƙa, ta shinshina, ta ce sauran ya yi ɗumame. Saman kawai ta cire, Allah ya jiƙanta. Zaren yana can ciki.

Gidan wannan baƙo na asali ƙasa ce. Mafi yawan fumfunar da ke damun mu a ɗaka daga dangi ɗaya take, wanda masana ke kira Aspergillaceae, kuma manyan gidajensa biyu ne: Aspergillus da Penicillium. Aikinsu a cikin ƙasa shi ne cinye karan dawa da ganye da duk abin da ya mutu, su mai da shi taki. Sunayen ma kwatance ne irin namu. Wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, ya leƙa madubin ƙara girma a 1729, ya ga sanda mai kai yana fesa ƙura, sai ya tuna da abin yayyafa ruwa na cocinsu, ya raɗa wa Aspergillus sunansa. Penicillium kuwa daga kalmar Latin ce mai nufin burushin mai fenti, saboda kanta kamar 'yar tsintsiya yake. Daga wannan gida na biyu Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928. Ashe allurar da ta ceci miliyoyin mutane 'yar'uwar abin da ke ɓata mana burodi ce.

Tambaya ta biyu wani ɗalibi ne daga Kurna ya aiko. Ya ce malaminsu na kimiyya ya ce naman kaza ba tsiro ba ne, shi kuma ya ga a ƙasa yake tsirowa. Sannan me ya haɗa shi da kaza?

Ɗana, bari in fara da kazar. Wannan 'yar "n" da ke haɗa kalmomi biyu tana da aiki fiye da ɗaya. A "naman rago" tana nufin daga jikin rago aka yanko. A "abincin doki" kuwa tana nufin don doki aka tanada. Naman kaza na iya ɗaukar kowanne: ko dai abin da ya yi kama da tsokar kaza in an yage shi, fari mai tsiri-tsiri, ko kuma naman da aka bar wa kaza ta tsattsaga domin mutum ba ya ci. Ni na fi karkata ga na biyu, kuma dalilina shi ne ɗaya sunan nasa, laimar kwaɗi. Duka biyun raini ne a cikinsu, irin sunan da ake ba abin da ba a sa wa a tukunya. Bakano bai ɗauki naman kaza cefane ba, alhali a ƙasar Yarabawa da Filato da Binuwai miya ake yi da shi.

Malaminku kuma ya yi gaskiya. Tsiro yana da koren ganye, da hasken rana yake haɗa abincinsa. Naman kaza ba shi da wannan, sai ya ci abin da wani ya haɗa, kamar ni da kai. Bangon ƙwayoyin jikinsa ma da sinadarin da ke cikin ɓawon fara da kyankyaso aka gina shi. An daɗe ana lissafa shi cikin tsirrai, sai a 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware masa masarauta tasa, kuma binciken ƙwayoyin gado daga baya ya nuna ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Kama da wane ba wane ba ne. Laimar da kake gani bayan ruwan dare 'ya'ya ce kawai, ainihin jikin zare ne shimfiɗe cikin ƙasa, irin dai na tuwon Hajiya.

Nan ne harshenmu da kimiyya suka raba hanya, kuma ban ga laifin kowa ba. Bahaushe ya kasa abin nan gwargwadon inda ya gamu da shi. A ɗaka fumfuna ne, a gindin suri naman kaza, a kan zangarniyar dawa burtuntuna, a kan yaro makero, a gidan burodi yis. Sunaye biyar, masarauta ɗaya. Manomi da unguwarzoma da mai gashin burodi ba su da bukatar sanin cewa abu guda suke fama da shi. Mai koyarwa ne ke da wannan bukata, shi ya sa nake ba da shawara a aji a riƙa cewa "dangin fumfuna da naman kaza" in ana nufin su duka. Daddawa da nono kada a sa su ciki, su aikin bakteriya ne, wata masarauta daban.

In ka samu suri a bayan gari cikin watan Agusta, wajen hanyar Gwarzo ko ta Bichi, ka duba gindinsa da sassafe. Naman kazan da ke fitowa a nan nomansa aka yi. Gara ce ke tauna itace da ciyawa, ta gina wani abu kamar saƙar zuma a ɗakunan cikin surin, ta shuka zaren a kai, shi ya narkar da itacen, ita ta ci. Wani Bafaranshe, Roger Heim, ya ba wannan gida suna Termitomyces a 1942, kuma akwai irinsa a Zambiya da faɗin laimarsa kan kai mita guda. Irin na suri ana ci. Amma kada ka tsinko ka dafa don ka karanta a nan, domin akwai masu kisa da suka yi kama da masu ciyuwa, kuma sai wanda ya gada yake rarrabewa.

Ta uku gajeriya ce, daga wani ɗan kasuwa a Dawanau: "Wake ɗaya ke ɓata gari. Garin tuwo ake nufi ko garin mutane?"

Alhaji, garin niƙa ne. Rubutun boko ne ya haɗa su, baki ya raba. A garin tuwo ana jan wasalin farko, gaari, a garin mutane kuwa ba a ja. Hoton da ke cikin karin maganar na mai ƙosai ne ko mai ɗanwake: ruɓaɓɓen wake guda ya kuɓuce wa tsinta ya shiga niƙa, ya ba kwano duka ɗaci. Daga nan aka aro shi ga mutum ɗaya da ke jawo wa jama'a baƙin jini. Masu fassara shi da garin mutane ba su yi nisa da manufa ba, amma sun zubar da hoton.

Kuma tunda hatsi kake sayarwa, ga inda karin maganar ta zama zahiri, Hajiya ma ta matso kusa. A gidan Aspergillus akwai wani iri, Aspergillus flavus, flavus ɗin na nufin rawaya, don ƙurarsa kore ce mai ratsin rawaya. A ƙasa yake zaune, gyaɗa kuwa a cikin ƙasa take 'ya'ya, ka ga maƙwabta ne. Lafiyayyen kwanso ba ya ba shi hanya da sauƙi. Amma in ruwa ya ɗauke da wuri ƙasa ta yi zafi, ko gara ta ƙwarzane kwanson, ko fartanya ta fasa shi wajen cira, ya samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuma aka shanya a kan tsurar ƙasa, aka ɗura a buhu da sauran danshi, sai ya baje kolinsa. Dafin da yake fitarwa shi ne aflatoksin, sunan da aka harhaɗa daga "A" ta Aspergillus da "fla" ta flavus da kalmar dafi.

An gano shi ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu har aka kai ga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Lokacin nan dalar gyaɗa na tsaye a Kano, saboda haka labari ne da ya shafi aljihun kakanninmu kai tsaye. Dafin hanta yake kamawa, yana jawo sankarar hanta in an daɗe ana ci kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa kuma ya kashe nan take, kamar yadda masara ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Suya ba ta kashe shi, tafasa ba ta kashe shi. Amurka ba ta yarda ya wuce miligiram 20 a cikin tan guda na abinci ba, Tarayyar Turai kuma 4 kacal ta yarda da shi a gyaɗar ci. Kuma ba a warwatse yake daidai cikin buhu ba, a 'yan ƙwayoyi ƙalilan yake taruwa, waɗanda suka motse ko suka canza launi ko suka fashe. Su ne waken nan guda.

Shi ya sa faifan tsinta ya fi ƙarfin raini. Na sha ganin mata a soro sun baza gyaɗa, yatsu na gudu, ana ware ta banza gefe guda a gwangwani. Aikin ya yi kyau. Inda ake ɓata shi shi ne a ƙarshe, lokacin da za a sayar da ta gwangwanin da araha ga mai ƙuli, ko a watsa wa kaji, ko a ba saniyar tatsa, alhali dafin na bi ta nono ya dawo ƙwarya. Mafi yawansa ma a tunkuza yake zama bayan an matse mai, wato a cikin ƙulin kansa.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wata dabara mai suna Aflasafe. An zaɓo irin Aspergillus flavus ɗin da ba ya yin dafi, daga cikin ƙasar Najeriya, aka shafa shi a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi, manomi ya watsa kilo 10 a kowace hekta kafin amfanin gona ya yi fure. Marar dafin sai ya riga mai dafin mamaye gonar. Alhaji, a nan ne ɗaya garin naka ya shigo, na mutane, mai gajeren wasali: da ɗan gari akan ci gari.