Filin Tambayar Bakanike: Kwantirolar Turbo ta Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Volkswagen Passat ƙirar 2002, mai inji 1.8T, 'yar Kwatano ce. Wani abokina ya kawo min wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da kan murɗawa, ya ce idan aka ɗaura shi a tiyon turbo mota za ta ƙara ja sosai. Yaya ake ɗaura shi, kuma ba zai cutar da injin ba? Daga mai karatunku a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka. Kafin ka taɓa sifana, bari ka san abin da ƙarfen nan yake yi.

Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya turbo, turbo kuma ya danna iska cikin inji. Da za a bar shi haka nan, sai ya yi ta dannawa har wani abu ya fashe. Shi ya sa aka yi masa wata 'yar ƙofa da makanikai ke kira westiget. Sifirin ne ke riƙe ta a rufe, kuma akwai siririn tiyo da ke kai mata iska daga turbon. Da zarar iskar ta fi ƙarfin sifirin, ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya bi ta gefe, turbo ya lafa. To, abin da aka kawo maka, wanda ake kira kwantirola, a kan wannan tiyon yake zama, aikinsa ya ɓoye wa ƙofar gaskiyar matsin da ake ciki don ta makara wajen buɗewa. Kala biyu ne: wani yana zurarar da iska kaɗan waje, wani kuma yana da ɗan boris da sifirin a ciki, yana tare iskar sai ta kai inda ka saita. Na biyun ya fi tsayawa a magana ɗaya.

Ɗaurawar ba wani aiki ba ne. A injinka akwai bawul mai suna N75, mai tiyo uku da soket na lantarki, da shi kwamfutar mota ke sarrafa ƙofar. Za ka cire tiyon da ya fito daga turbo ka sa a bakin shiga na kwantirola, bakin fita ka kai shi westiget. Duba kibiya a jikinta, don idan ka juya ta baya ƙofa na iya ƙin buɗewa ko kaɗan. Bakunan N75 da ka bari a buɗe ka toshe su, amma soket ɗin N75 ka bar shi a jone, in ba haka ba kwamfuta za ta kama laifi. Tiyo ya zama gajere, ya yi nesa da zafin salansa, kuma kowane baki a ɗaure shi da kilif. Kar ka raina kilif ɗin nan. Tiyo ɗaya ya suɓuce kana kan totur, babu sauran abin da zai tsayar da turbo.

Amma ni a garejina ba na ɗaura wa kowa sai ya fara sayen agogon matsin iska, an jona shi a manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska. Da psi ake aunawa, ma'aunin da mai faci ke duba maka taya da shi. Injin nan mai ƙarfin doki 150 daga kamfani matsinsa bai kai psi 10 ba. Ka juya kan murɗawar har ƙarshe zuwa ɓangaren mafi ƙarancin matsi, ka samu miƙaƙƙen titi marar jama'a, ka sa giya ta 3, ka take totur daga wajen juyin inji 2,500 a minti, wani na gefenka yana kallon agogo, kai idonka na kan hanya. Ka tsaya, ka ƙara rabin murɗi, ka sake. Psi 2 ko 3 a kan na asali, ka tsaya nan.

Na san za ka ce kaɗan ne. Dalilina shi ne ƙarfen nan iska kawai yake ƙarawa, bai san mai ba, bai san lokacin wutar fulogi ba. Iska ta yi yawa, mai ya gaza, sai zafi ya hau, fetur ya riƙa fashewa ba a kan ƙa'ida ba. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani; idan ka ji ta, ɗaga ƙafarka nan take, domin fistin da gasket ne ke biyan bashin. Waɗanda kake gani a intanet suna murɗawa son ransu, fetur mai oktan 98 suke sha, wato mai jure matsi sosai, garinsu kuma da sanyi. Kai kuwa za ka shiga go-sulo a watan Afrilu, zafi na neman digiri 40, da ɗan ƙaramin intakula (mai sanyaya iskar turbo) da ƙura ta cika. Turbon kansa, K03, ƙarami ne; idan ka matsa masa, iska mai zafi zai riƙa hura maka. Idan kwamfuta ta ga matsi ya wuce lissafinta ma, tana iya kashe wa motar ƙarfi gaba ɗaya. Kuma idan sanyin hunturu ya shigo ka sake duba agogo, allurar kan ɗan haura inda ka bar ta.

Motar da ta haura shekara 20, ni da bel ɗin tamin zan fara, sai fulogi, famfon mai da matatarsa. Injin nan a Passat ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai idan ana wasa da juye. Idan waɗannan sun yi daidai kuma aljihu zai ɗauka, gara ka nemi wanda ya iya sake saita kwamfutar, shi zai ƙara iska da mai tare.

Tambaya: Malam, ko zai yi a Hilux mai gas ƙirar 2018? Daga Maraɗi.

Amsa: Ba zai yi ba, Alhaji. Turbon wannan motar fuka-fukai gare shi masu motsi a ciki, ɗan injin lantarki ke juya su da umarnin kwamfuta. Babu tiyon da za ka ɗaura kwantirolar a kai, kar ka ɓata kuɗinka.