Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: "An ce masana sun gano…" To, su wane ne, a ina suka rubuta?

Da alama lokacin kare memwar, wato kundin kammala digiri, ya ƙarato, domin saƙonnin wannan makon ba na waya mai zafi ko batir mai saurin mutuwa ba ne kamar yadda aka saba. Kusan duka a kan binciken jami'a suke. Zan fara da na wata uwa, don shi ne wanda jinkirin amsarsa zai iya jawo ɓarna.

Tambaya daga wata Hajiya a unguwar Wadata, Yamai: Malam, ina wuni. An turo murya a gurup ɗin matan unguwarmu, wani yana cewa masana a Amurka sun gano azitromisin yana hana yara mutuwa, kowace ta saya ta ba ɗanta duk wata. Jikoki uku ne a gabana. Yaya zan gane a waya ko gaskiya ne?

Hajiya, Allah ya raya jikoki. Kin kyauta da kika tsaya tambaya kafin ki aiki yaro farmasi. Irin wannan saƙon ya fi wuyar sha'ani, domin ba ƙarya ce tsagwaronta ba. An yi binciken, kuma har a ƙasarmu. Masana na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, tare da ma'aikatan lafiya na nan gida, sun gwada ba yara ƴan wata 1 zuwa wata 59 wannan magani na kashe ƙwayoyin cuta a Nijar da Malawi da Tanzaniya. Namu ɓangaren a Boboye da Loga aka yi shi, cikin jihar Doso. Sakamakon ya fito a 2018 a mujallar New England Journal of Medicine: mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a garuruwan Nijar da aka raba maganin. Wani gwajin da ya biyo baya, mai suna AVENIR, ya fito a 2024, shi ma ya nuna raguwa da kashi 14 cikin 100.

Ga abin da mai muryar ya haɗiye bai faɗa ba. Sau biyu a shekara aka ba da shi, sha ɗaya kowane zuwa, ma'aikata ne suka auna wa kowane yaro daidai jikinsa, kuma yaran gari aka ba gaba ɗaya ana bin sawunsu. Babu inda aka ce kaka ta saya ta riƙa ɗura wa jika duk wata. Su kansu masu binciken suna jan kunne cewa yawan shan irin wannan magani yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da aka buƙace shi da gaske ya ƙi ci. Maganar ba yaro magani ta likita ce, ba tawa ba, balle ta gurup.

Tawa ita ce waya. Ki duba saman saƙon: in kin ga ƴar kibiya biyu da rubutun "Transféré de nombreuses fois", WhatsApp ne ke gaya miki saƙon ya bi hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ki. Sai ki tambayi wadda ta turo: wace jami'a, wace shekara, wace mujalla? Binciken gaskiya ba ya rasa waɗannan. In hoto ne aka haɗo da shi, wani cikin yaran gida ya saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa sai a tarar tsohon hoto ne na wata ƙasa aka yi wa sabon labari.

Tambaya daga wani ɗalibi a Tawa: Yayana, ina rubuta memwar a kan gero mai jure fari. Duk takardar da na gano a intanet sai ta nuna mini taƙaitawa kawai, ta ce in biya dala talatin ko fiye na Amurka. Ni ko katin banki ba ni da shi.

Ƙanena, kada ka biya ko dala ɗaya tamu, balle tasu. Yawancin takardun nan suna da ƙofar baya ta halal, rashin sani ne ke sa a tsaya a ƙofar gaba ana kallon kwaɗo.

Ka bar Google na kowa da kowa, ka shiga Google Scholar. Ka kwafi kan takardar cif-cif, ka sa shi tsakanin alamun zance biyu. Idan akwai kwafin kyauta za ka ga kalmar PDF a gefen dama. In babu, kada ka juya tukuna: a ƙarƙashin sakamakon akwai inda aka rubuta adadin kwafin da kalmar "versions". Danna nan. Sau tari marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa, nan zai fito. A kwamfuta kuma akwai ƙaramar manhaja mai suna Unpaywall da ake liƙa wa Chrome ko Firefox. Ita da kanta take farauto kwafin kyauta, ta nuna maka kwaɗo kore a gefen shafi.

Tunda gero ne aikinka, kana zaune a bakin rijiya ne kana kukan ƙishi. Cibiyar ICRISAT tana da tashar bincike a Sadore, kudu da Yamai, kuma tana sakin takardunta kyauta a rumbunta na intanet. Daga aikinsu da INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ne aka fitar da irin geron nan Chakti, mai yawan sinadarin ƙarfe da saurin nuna, a 2018. Rumbun HAL na Faransa cike yake da ayyukan digiri na uku, ciki har da na ƴan Nijar. Cibiyar bincike ta Faransa IRD tana da nata mai suna Horizon, inda za ka sami tsofaffin rahotanni kan ƙasar Adar da ruwanta waɗanda ba a kowane laburare ake samunsu ba. AJOL kuma ya tattara mujallun Afirka wuri guda.

Sai babbar ƙofa, wadda ɗalibai da yawa ke gama karatu ba su ji sunanta ba: Research4Life. Shiri ne da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla da manyan kamfanonin ɗab'i. Hinari na fannin lafiya ne, tun 2002. AGORA na noma, tun 2003. Nijar tana cikin ƙasashen da ake buɗe wa kyauta. Sai dai makaranta ce ke rajista, ba mutum ɗaya ba, don haka ka taka da ƙafarka zuwa laburaren Jami'ar Djibo Hamani ka tambayi mai kula da shi. Zuwa da kai ya fi aike.

In duk sun ƙi, rubuta wa marubucin. Adireshin imel ɗinsa yana shafin farko. Layi uku sun isa: sunanka, makarantarka, takardar da kake roƙo. Kuɗin da mujalla ke karɓa ba aljihunsa suke shiga ba, shi burinsa a karanta shi.

Wata shawara da ba ka nema ba: duk abin da ka sauke, ka tura kwafinsa Google Drive, giga 15 ne kyauta. Na sha ganin aikin wata shida ya salwanta saboda an soka kile a kwamfutar wurin buga takardu ta kwaso cuta.

Tambaya daga wata ɗalibar likitanci a Harobanda, Yamai: Malam, na sa ChatGPT ya jero mini takardun da aka rubuta kan rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ya ba ni da sunayen marubuta da shekaru, tsaf. In zuba su a memwar?

A'a, ƙanwata, sai kin tantance su ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan manhajoji suna harhaɗa kalmomi ne bisa abin da ya saba zuwa tare. Sun san kamannin sunan takarda, don haka suna iya ƙera wadda ba a taɓa rubutawa ba, su ɗora mata sunan masanin gaske da mujallar gaske. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro.

Kwanan baya wani ƙanen abokina ya zo da irin wannan jerin. Muka zauna, shayi na kan wuta, ina kwafar lambar kowace takarda ina liƙawa. Ta farko ta buɗe. Ta biyu ta kai mu wata takarda kan kiwon kifi. Ta uku shafin ya ce bai san ta ba. Kafin a zuba shayi na biyu yaron ya daina magana, sai share gumi.

Lambar da nake nufi ita ce DOI, kullum da 10 da ɗigo take farawa. Ki shiga doi.org ki liƙa ta. Ki kuma nemi kan takardar a PubMed, rumbun likitanci na Amurka, kyauta ne. Ga abin gwaji a fanninki: rigakafin R21 na Jami'ar Oksfod an gwada shi a Nanoro ta Burkina Faso, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2021 da kariya ta kashi 77 cikin 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da shi a Oktoba 2023, shekara biyu bayan rigakafin farko mai suna RTS,S. Ki rubuta R21 da Nanoro a PubMed ki ga yadda takardar gaske take fitowa da komai nata. ChatGPT yana da amfani wajen warware miki sakin layi mai tsauri na Ingilishi. Jerin madogara kuwa ki bar wa Zotero, manhajar tsara madogara, shi abin da kika ba shi kaɗai yake jerawa.

Tambaya daga wani ma'aikacin ƙungiya a Tawa: Za mu yi tambayoyin bincike a ƙauyukan da babu rezo. Dole sai da takarda da biro?

Ba dole ba. Ka tsara tambayoyin a KoboToolbox ta kwamfuta, ka sauke su cikin KoboCollect a wayoyin Android tun kana gari. Can daji ana cikewa ba intanet, amsoshin suna zaune cikin waya har ku dawo inda rezo yake ku tura. Ku tafi da abin cajin rana, kuma a gwada fom ɗin a kan mutum biyar kafin a hau mota.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Talaje, Yamai: Akwai manhajar da za ta juya mini takardun kimiyya zuwa Hausa don ɗalibaina?

Malam, akwai, amma da sauranta. Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, kuma masana suna ta aiki: a 2021 wasu a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka fitar da AfriBERTa, wanda aka horar da harsunan Afirka 11 har da Hausa, ga kuma ƙungiyar Masakhane ta masanan Afirka da ke tara rubutun harsunanmu. Matsalar ita ce na'ura da rubutu take koyo, rubutun kimiyya da Hausa kuwa kaɗan ne, wanda ake da shi ma ya fi karkata ga Hausar Kano da ta gidajen rediyo. Labari za ta juya maka shi daidai gwargwado. Da an zo kan sunan sinadari ko awon magani sai ta fara kame-kame, wani lokaci ta bar kalmar yadda take, wani lokaci ta sa wadda ba ita ba. Ka riƙa ba ta sakin layi ɗaya-ɗaya, asalin yana buɗe a gefe, ka duba kowane adadi da idonka, sannan ka gyara Hausar da bakin da yaran Talaje suke ji.