Me ya sa 'yan Madeshi ba su da yawa a rundunar sojan Nepal?

Tambaya: Na ji an ce doka ta ware wa 'yan Madeshi kaso a aikin soja a Nepal, amma har yau suna kukan an bar su a baya. In akwai doka, ina gizo ke saƙar?

Amsa: Dokar tana nan, sai dai lissafinta bai kai yadda ake zato ba, kuma ta tarar da rashin yarda na fiye da shekara 200.

'Yan Madeshi su ne mutanen Tarai, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kudancin Nepal da ke iyaka da jihohin Bihar da Uttar Pradesh na Indiya. Suna magana da Maithili da Bhojpuri da Awadhi, akwai 'yan Hindu akwai Musulmi. Kimanin rabin jama'ar Nepal a Tarai suke, amma ba kowane mazaunin Tarai ne ɗan Madeshi ba: akwai mutanen duwatsu da suka sauko suka zauna, akwai kuma 'yan Tharu, waɗanda da yawansu ba sa karɓar wannan suna. Shi ya sa alƙaluma ke saɓawa, domin wanda ya ƙirga duk ɗan Tarai zai samu adadi mai kauri, wanda ya ƙirga 'yan Madeshi zalla zai samu kaɗan.

Rundunar ta samo asali ne daga mayaƙan Sarki Prithvi Narayan Shah na Gorkha, wanda ya ci Katmandu a 1768 da mutanen duwatsu: Chhetri, Thakuri, Magar da Gurung. A yaƙin 1814 zuwa 1816 da Turawan Ingila an zargi wasu mutanen Tarai da mara wa Turawa baya, har takardar da Turawan suka mayar wa Nepal da wani ɓangare na yankin a kanta, bayan sun ƙwace shi a yaƙin, ta gindaya sharaɗin kada sarki ya hukunta su. Tun daga nan fada take musu kallon waɗanda zuciyarsu ke tsallaken iyaka. Turawa ma suka ƙara wa miyar gishiri da ra'ayinsu na cewa wasu ƙabilu ne kawai aka haifa don yaƙi, irin ra'ayin da ya sa suka fi son ɗaukar Hausawa soja a Afirka ta Yamma. Soja ya zama gadon gidan ɗan dutse.

Bayan boren 'yan Madesh, wato yankin na Tarai, a 2007 aka kafa bataliyar Naya Sabuj domin 'yan yankin. A Fabrairun 2008 gwamnatin Girija Prasad Koirala ta sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 8 da ta yi alkawarin shigar da su soja gwargwadon yawansu, kuma a ƙungiyance. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta zama ƙashin kifi, don manyan hafsoshi sun dage cewa soja ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukarsa bisa cancanta. A ƙarshen 2011 gwamnatin Baburam Bhattarai ta yanke shawarar ɗaukar 3,000, Kotun Ƙoli ta dakatar da shirin.

Abin da ya rage shi ne kason doka. Kashi 45 cikin 100 na guraben da aka tallata ake warewa, sannan a raba wannan 45 ɗin: 32 ga ƙabilun asali, 28 ga Madeshi, 20 ga mata, 15 ga Dalit (waɗanda tsarin jinsunan Hindu ya ajiye a ƙasan kowa), 5 ga yankunan da ke baya. Mutane da yawa suna jin 28 su ɗauka na dukan guraben ne. A'a. In za a ɗauki mutum 1,000, 450 ne na kaso, 126 daga ciki na Madeshi, wato kashi 12.6. Kuma kason na sababbin shiga ne, bai taɓa waɗanda ke cikin runduna mai mutum sama da 90,000 ba. Ko da ana cike shi kowace shekara, sai tsara guda ta yi ritaya kafin a ga bambanci sosai. A sama abin ya fi jinkiri, tunda ƙaramin hafsa kan kwashe kusan shekara 30 kafin ya zama janar. Ba a taɓa samun ɗan Madeshi a kujerar babban hafsan soja ba, duk da cewa Ram Baran Yadav, shugaban ƙasa na farko daga 2008 zuwa 2015, ɗan Madeshi ne kuma shi ne babban kwamandan askarawa a takarda.

Rundunar kan ce masu nema daga Madesh ba su da yawa. Akwai gaskiya a ciki, amma a duba dalili. Dole mai nema ya nuna takardar shaidar ɗan ƙasa, wadda ta daɗe tana yi wa mutanen Tarai wuyar samu. Jarrabawa da Nepalanci ake yi, harshen da yaron ƙauye a gundumar Siraha ta Tarai ya koya a makaranta, ba a gida ba. Ɗan dutse yana da kawu tsohon soja da zai koya masa gudu da fareti, ya faɗa masa ranar da za a buɗe ɗauka. Shi kuwa ɗan gundumar Dhanusha ta Tarai abin da ya gani a unguwarsu dillalin kai ma'aikata Katar da Maleshiya ne, can yake nufa.

Tsarin mulkin 2015, sashe na 267, ya ambaci Madeshi da Tharu da Musulmi da sunansu cikin waɗanda za a tabbatar sun shiga soja, amma ya bar yadda za a yi ga dokar tarayya, bai sa adadi ko wa'adi ba.