Nawa zan riƙa karɓa a wankin mota ciki da waje?

Malam, ka ce in ka taso aiki kana bin gidaje kana wanke mota ciki da waje har da goge jiki, nawa za ka karɓa. Kada ka yanka kuɗi ɗaya. Ka ga motar tukuna, ka ƙiyasta awannin da za ta ci, ka ɗora kuɗin sabulu, man gogewa da kabu-kabu. Sienna mai layin kujeru uku ba Corolla ba ce.

Amma ku gama maganar ruwa tun farko. In gidan ba burtsatse, 'yan garuwa za ka biya, ga ƙurar hunturun Sakkwato da ke shigewa har ƙarƙashin kafet. Kuɗin ruwa na mai mota ne, ka faɗa masa kafin ka jiƙa soso.