Bindigar ƙusa mai aiki da iska: wacce ta dace da rufi?

TAMBAYA: Baba, barka da ƙoƙari. Ni kafinta ne a Kaduna, shekara tara ina rufi da guduma. Yanzu na samu aikin wani gida a Abuja, za a rufa shi da shingil, wannan fallen rufi na kwalta, kuma mai gidan yana gaggawa. An ba ni shawarar in sayi bindigar ƙusa mai aiki da iska, irin wadda ake saka wa ƙusa a nannaɗe. Wacce zan saya? Kuma in na gama, za ta yi mini aikin kwano da Gerard, wato fallen rufi na ƙarfe mai yayyafin tsakuwa?

AMSA: Ɗana, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan kuɗin mutane ke salwanta. Ba za ta yi maka aikin kwano ba. Kwano da dogon alminiyom suna son ƙusa mai hula ko sukuru mai roba a wuya, wanda zai toshe hudar kada ruwa ya bi, kuma waɗannan ba sa shiga cikin wannan bindiga. Gerard kuwa ana kafe shi ne ta goshi da ƙusa mai tsawon kusan inci 2, alhali iyakar wannan bindiga inci 1 da kwata uku. Saboda shingil aka ƙera ta. In wannan gida ne kaɗai aikin shingil ɗin da kake hangowa, ka nemi haya. In kana ganin wasu na tafe, saya.

Kusan dukkan irin waɗannan bindigogi tsari ɗaya ne. Ƙusoshin an jera su a kan siririyar waya a karkace digiri 15, nadi ɗaya ƙusa 120, kuma suna aiki da ƙarfin iska tsakanin PSI 70 zuwa 120 (PSI ma'aunin matsin iska ne). Nauyinsu bai wuce kilo biyu da rabi ba ko kusa da haka, amma ka riƙe ta a hannu kafin ka biya, domin abin da ba shi da nauyi a shago yakan yi nauyi bayan azahar a kan gangaren rufi. Waɗanda aka sani da ƙarko su ne Bostitch RN46, da Max CN445, da NV45AB2 ta Hitachi. Kada sunan ya ruɗe ka: tun 2018 kayan Hitachi ke fitowa da sunan Metabo HPT a Amurka, HiKOKI a sauran ƙasashe.

Sai dai ni ba suna nake fara tambaya ba. Ƙusa nake tambaya. Na taɓa sayen wata ta gwanjo mai lafiya, na yi kwana goma sha ɗaya ina neman nadin da zai shige ta, leburorina suna zaune ina biyan su kuɗin abinci. Kafin ka ba da ko kwabo, mai shagon ya nuna maka kwalin ƙusa a gabanka, mai rufin zinki wanda ba ya tsatsa, ya kuma nuna maka zoben roba na ciki da sandar da ke dukan ƙusa, don su ne ke fara mutuwa. Inci 1 da kwata ya ishi sabon shingil a kan filawud, muddin ƙusar ta ratsa allon ko ta shige shi kwata uku na inci.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, shi ne maɓallin daidaita zurfi. Ka zaɓi wadda ake murza shi da yatsa ba sai an nemi sifana ba. Kan ƙusa ya kwanta daidai da fuskar shingil. In ya nutse, ya yanka fallen, iskar farkon damina za ta ɗauke shi kamar takarda. In ya tsaya a sama, zai ɗaga fallen da ke kansa har ya huda shi. Kwalta kuma tana laushi da zafi, saboda haka saitin da ya yi daidai da ƙarfe bakwai na safe zai nutsa ƙusa da tsakar rana. Ka riƙa gwadawa a kan guntu, ka sake saiti. Ƙusa huɗu ake sa wa kowane falle a kan layin da aka zana masa, amma inda iska ke da ƙarfi shida ake sawa, kuma da irin guguwar da ke zuwa mana a Afrilu da Mayu, ni shida nake sawa.

Game da kunama, akwai wadda kake riƙe ta kana dangwara baki ƙusa na fita, akwai wadda sai ka dangwara sannan ka ja kowane bugu. Ta farko ta fi sauri, kuma ita ce ke yawan huda ƙafa da hannu. Tunda hannunka bai saba ba, fara da ta biyu. Ka sa tabarau na kariya, guntun waya na fallatsa. Kada yaro ya hau tsani da yatsa a kan kunama, kuma in ƙusa ta maƙale, cire tiyon da ke kawo mata iska kafin ka buɗe bakinta.

Kada ka manta bindigar rabin kaya ce. Sai da kwamfuresa, wato injin da ke tara iska yana tura mata. Mai lita 24 zai ɗauki bindiga ɗaya, biyu kuwa sai mai lita 50. Ka duba wutar da yake ci: na gwanjon Amurka bolt 120 ne, wutarmu 230, zai ƙone in ka jona shi kai tsaye. Ƙaramin janareta kuma ba ya iya tayar da shi, domin yana jan wuta sosai a lokacin tashi. Ka bar shi a ƙasa cikin inuwa, ka ja dogon tiyo zuwa sama.

Kullum da safe ka ɗiga wa bindigar man da aka yi don bindigar iska, ɗigo uku zuwa biyar ta inda tiyo ke shiga, ban da baƙin mai na mota, yana lalata roba. Da yamma ka goge kwaltar da ta manne a baki, ka kwance ƙasan tankin kwamfuresa ruwan da ya taru ya zube. In ka fara layin farko, aiko mini da hotonsa in duba maka zaman ƙusoshin.