Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Halittar Teku Cikin Hamadar Maroko?

Tambaya: Na ga hoton wani dutse da aka haƙo a Maroko mai ɗauke da siffar wani ƙwaro da ake kira tirailobait, aka kuma ce a teku ya rayu. Yaya aka yi ya tsinci kansa a hamada, kuma me ya sa ba a samunsa a nan Sakkwato, alhali ana tsintar ɓawon halittun ruwa a dutsen siminti na Kalambaina? Mai karatu daga Sakkwato.

Amsa: Wannan tambaya ta faranta mini rai, domin kusan rabin amsarta na cikinta. Tirailobait ɗan'uwan ƙaguwa da kunama ne na nesa, kuma sunansa na nufin mai kashi uku, saboda layuka biyu da suka ratsa bayansa daga kai zuwa wutsiya. Ya bayyana kimanin shekaru miliyan 521 da suka wuce, ya ƙare ƙurmus kimanin shekaru miliyan 252 baya, kuma masana sun tantance fiye da iri 20,000. Wasu ba su wuce ƙwayar gero ba, amma Isotelus rex da aka samu a Manitoba ta Kanada ya kai santimita 72. Ɗaya daga dalilan yawan burbushinsu shi ne suna yin saɓa kamar maciji, don haka guda ɗaya kan bar ɓawo da yawa kafin ya mutu.

A wancan zamanin, yankin da ake kira kudancin Maroko a yau yana ƙarƙashin teku mara zurfi a gefen tsohuwar babbar nahiyar Gondwana, wadda Afirka ke cikinta. Laka ta binne ɓawon, ta daskare ta zama dutse, daga baya ƙasa ta ɗaga, ruwa ya janye. A kewayen garin Alnif masu haƙa kan fasa dutse, in sun ga baƙin zare a tsagar, wato alamar ɓawon, sai su sake haɗa dutsen, su yi ta sassaƙa da ƙaramin tsinke har ƙayoyi da idanu su fito. A can ake samun Walliserops, wanda ke da wani abu a goshi kamar cokali mai yatsu uku.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kowane teku yake da irin nasa. Tirailobait na arewa maso yammacin Sikotilan, irin su Olenellus, sun yi kama da na Arewacin Amurka, ba su kuma yi kama da na Wales da ke tsibirin Birtaniya ɗaya da su ba. Irin wannan bambanci na cikin hujjojin da masanin ilimin ƙasa Tuzo Wilson ya kafa a 1966, cewa wani tsohon teku ya taɓa raba yankunan kafin su haɗu.

Game da Sakkwato kuwa, batun lokaci ne. Tekun da ya bar dutsen Kalambaina ya malale yankin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wato kusan shekaru miliyan 190 bayan ƙarewar tirailobait. Shi ya sa abin da ake tsinta a wajejen Dange da Wurno shi ne haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da na kunkuru.