Ina karatun Fiziyoloji a Samaru, amma likitanci nake so: ta wace ƙofa zan shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, ina gab da kammala aji biyu a sashen Fiziyoloji. Likitanci na cike a JAMB, sai aka ba ni wannan kwas ɗin. Jimlar makina yanzu 4.1 ce a ma'aunin maki 5. Wasu na cewa in nemi canjin kwas, wasu kuma sun ce in ajiye karatun in sake zana JAMB. Babanmu ya ce in tambayi masana kafin in yanke shawara. Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa mahaifinki albarka da bai bar ki kin yi gaggawa ba. Abu na farko: kada ki ajiye karatun nan. Duk hanyar da za ki bi, makin da ke hannunki shi ne jarinki.

Bari in fara da canjin kwas, tunda shi ne ya fi jan hankalin ɗalibai. Ki nema in an buɗe, ba laifi, amma kada ki ɗora rai a kansa. Ba shugaban sashe ne ke da ikon ƙara kujeru a ajin likitanci ba. Hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Ita ce kuma ke yi wa ɗaliban rajista tun suna makaranta, kuma ita ce za ta ba su lasisi in sun gama. Jami'ar da ta zarce adadinta, ɗalibanta ta jefa cikin matsala. Shi ya sa in wani ya ce miki ya san wani babba da zai "sa ki a ciki" in kin kawo wani abu, ki riƙe kuɗinki.

Hanya ta biyu ita ce sake JAMB, a darussa huɗu: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a kan maki 400. Wannan ba ya buƙatar ki bar aji. Ki yi rajista, ki zana, ki ci gaba da zuwa lacca a Samaru kamar ba abin da ya faru. Sai ranar da kika buɗe shafinki na CAPS, inda JAMB ke nuna gurbin karatun da aka ba mutum, kika ga an rubuta likitanci ƙuru-ƙuru, kika danna amincewa, sannan za a yi maganar barin Fiziyoloji. Kafin wannan rana, duk wanda ya ce ki ajiye, so yake ki saki reshe ki kama ganye. Ki kuma duba sakamakonki na WAEC ko NECO: ana neman kiredit biyar, wato Turanci, Lissafi da darussan kimiyyan nan uku, kuma jami'o'i da dama suna son su a zama ɗaya ga masu neman likitanci. Ki tabbatar yadda aka rubuta sunanki da ranar haihuwarki a NIN haka suke a sauran takardunki. Harafi ɗaya kan sa mutum ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi ana tsaka da tantancewa.

Ta uku ita ce wadda ɗalibai ke rainawa, ni kuwa ita na fi so ki auna da kyau: ki kammala digirinki, sannan ki nemi shiga kai tsaye, abin da ake kira DE, a fara da ke daga aji biyu. Mutane na jin "sai na gama digiri" sai gabansu ya faɗi, alhali ba su zauna sun yi lissafin ba. In kin sake JAMB kin samu, shekara 6 ce a gabanki, sai shekarar horon asibiti, sai bautar ƙasa: 8 ke nan. In kuwa kin ƙarasa shekara 2 da suka rage miki, kin yi bautar ƙasa, kin yi shekara 5 ta likitanci da ɗaya ta horo, 9 ke nan, domin ba a yin bautar ƙasa sau biyu. Bambancin shekara ɗaya ne tak, ga kuma digiri a hannu. Lissafin takarda ne dai, yajin aiki ba ya shawara da kowa. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Sai dai kada in ɓoye miki, kujerun DE kaɗan ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Akwai masu digiri daga Anatomi da Bayokemistiri, ga kuma 'yan IJMB, jarrabawar share fagen shiga aji biyu da ita kanta jami'arku ce ke kula da ita. A ma'aunin maki 5, daga 3.50 zuwa 4.49 mataki na biyu ne na sama, daga 4.50 zuwa sama kuma mataki na ɗaya. Makinki na 4.1 yana da kyau, amma ki sa ido a kan 4.5. Yanzu ne lokacin, domin yawan kwasa-kwasan da suka taru a baya, yawan wahalar ɗaga jimlar.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Babban shingen da ke kayar da ɗaliban likitanci shi ne jarrabawar ƙwararru ta farko, wadda ake yi kafin a wuce ɓangaren asibiti a Shika, kuma darussanta uku ne: Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri. Abin da kike karantawa yau ke nan. Saboda haka ki daina yi wa laccar zuciya da ƙoda kallon abin da aka ɗora miki dole. Ki fahimce ta, ba haddar daren jarrabawa ba. In an shiga ɗakin gwaji an miƙo abin awon hawan jini, kada ki tsaya baya kina kwafar lambobin wasu. Ki naɗa shi a damtsen ƙawarki, ki hura, ki sassauta iskar a hankali har kunnenki ya kama bugun farko da inda ya ɓace. In kin samu damar shiga ɗakin gawa, ki shiga; warin maganin da ake adana gawa da shi yana sa ido hawaye, kuma gara ki san yadda zuciyarki za ta ɗauka tun yanzu.

Game da fita waje, in an kawo miki shawarar Masar ko wata ƙasa, ki sani duk wanda ya yi karatun likita a ƙetare sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya. Ku bincika matsayin makarantar kafin a biya ko sisi.

Abin da zan so ki yi a wannan zangon: ki je wurin malamin da ke kula da ajinku ki tambaye shi ƙa'idar canjin kwas ta bana, ki karanta sharuɗɗan DE a kundin JAMB da idonki domin sukan sauya, kuma in an buɗe rajistar jarrabawar JAMB ki sayi fom. Ki gaida Baba.